Yadda Ake Renon Furen Okid a Gida da Ɗaukar Hotonsa Ba Tare da Launi Ya Canja Ba

Okid ɗin da na fara saya bai yi kwana arba'in a hannuna ba. A wajen wani mai sayar da furanni a bakin titi a Abuja na same shi, na ɗora shi a kujerar gaba, na taho Kaduna ina lallaɓa mota kamar na ɗauko amarya. Da na iso gida sai na ga 'yar robar da yake ciki ta yi masa kaɗan, saiwoyi duk sun leƙo waje suna reto. Tausayi ya kama ni. Na samo ƙatuwar tukunya, na cika ta da ƙasa mai kyau haɗe da kashin shanu, na binne saiwoyin tsaf, na shiga ban ruwa safe da yamma. Da ganyen ya fara yaushi sai na ƙara ruwa. Ranar da na tone shi, saiwoyin sun koma kamar taliyar da ta dahu ta wuce misali, ga wari.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne wannan shuka ba ta ƙasa ba ce. Irin da aka fi sayarwa, mai faffaɗan ganye mai kauri da dogon kara ɗaya, sunansa Phalaenopsis, asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, wajen Filifin da Indonesiya da Taiwan. A can a jikin bishiya yake maƙalewa, saiwoyinsa a sarari. Ruwan sama ya jiƙa su, iska ta busar da su, gobe a sake. Ba ya shan jinin bishiyar kamar kauci, wurin zama kawai yake ara. Duk abin da zan faɗa game da renonsa daga nan ya samo tushe: saiwar okid tana son ta jiƙe sharkaf, sannan ta sha iska.

Dangin okid suna da yawa, kusan iri 28,000, har da fanilar da ake ƙamsasa kek da ita. Mu ma a Afirka muna da namu, kamar Ansellia africana mai fure rawaya da ɗige-ɗige irin na damisa, wanda ke fitowa a kan bishiyoyi tun daga Najeriya har Afirka ta Kudu. Amma mai farawa ya fara da Phalaenopsis, ko kuma Dendrobium idan garinsu na da tsananin zafi, don shi ya fi jure rana da fari.

A wajen saye

Kada fure ya ɗauke maka hankali, ƙasan tukunyar za ka fara dubawa. Yawancinsu a roba mai shara-shara suke zuwa, don haka za ka iya ganin saiwoyin. Lafiyayyiyar saiwa tana da ƙiba da tauri, koriya idan a jiƙe take, ruwan azurfa idan ta bushe. Wadda ta yi baƙi ko ruwan ƙasa kuma ta yi laɓo-laɓo, ko ta motse kamar zare, ta mutu. Taɓa ganyen, ka ji shi da ƙarfi kamar fatar takalmi sabo. Ɗaga shi ka duba bayansa da lungun da ya haɗu da jiki, ko akwai wani farin abu kamar auduga. In akwai, ƙwaro ne, bar shi a nan. Ka zaɓi wanda rabin furanninsa ba su buɗe ba tukuna, za ka fi daɗewa kana kallo, don furen Phalaenopsis yana iya yin wata biyu zuwa uku a kan kara.

Idan an nuna maka mai shuɗi shar kamar an fito da shi daga marina, to daga marinar yake. Farin fure ne aka yi wa allurar rini a gindin kara, wani lokaci har za ka ga ɗan ramin an toshe shi da kakin zuma. Furen da zai sake yi fari zai fito. In ka saya ka san abin da ka saya.

Tukunya da abin da ake zubawa a ciki

Bar shi a robarsa har furen ya zube, sai fa idan ka ga saiwa na ruɓewa. Bayan nan ka sauya masa gida. Waɗanda ake shigowa da su daga waje galibi a cikin busasshiyar gansakuka suke, an danƙara ta tam. Tana riƙe ruwa fiye da kima a damina, kuma a tsakiyarta ruɓa ke farawa inda ido ba ya gani.

Ga haɗin da nake yi da abin da ke kusa da mu. Ɓawon kwakwa, wato ɓangaren nan mai zare-zare, kashi biyu, a yanka shi gutsi-gutsi kamar girman dabino. Gawayin itace kashi ɗaya, shi ma a farfasa daidai wannan girman, a wanke ƙurar. Sai 'yan tsingaro a shimfiɗa a ƙasan tukunya. Ɓawon kwakwa yana ɗauke da gishiri, saboda haka a jiƙa shi kwana uku, kullum ana zubar da ruwan ana sake sabo. Wanda ya tsallake wannan zai ga bakin saiwoyi suna ƙonewa ya rasa dalili.

Jiƙa saiwoyin minti goma don su yi laushi, ka zare shukar a hankali, ka tsince gansakukar da yatsa har ta ƙare. Goge almakashi da sifirit, ka yanke duk saiwar da ka matsa ka ji ta fanko ko ta yi laɓo-laɓo. Wadda take da tauri ka bar ta ko da launinta bai yi maka ba. Tukunyar kuwa ta zama mai ɗan matse shi, don babba tana riƙe ruwan da saiwa ba za ta iya shanyewa ba. Ta kasance da huji a ƙasa da kuma gefe. Ni roba mai shara-shara nake hudawa da ƙusa mai zafi, sannan in zura ta cikin tukunyar ƙasa wadda ta ɗan fi ta girma. Robar tana ba ni damar ganin saiwa, tukunyar ƙasar kuma tana sanyaya ta, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Riƙe shukar a tsakiya, ka riƙa cusa haɗin tsakanin saiwoyi kana ɗan bubbuga tukunyar. Gindin ganyen ƙasa ya tsaya a saman haɗin, kada ya nutse. Saiwoyin da suka saba zama a waje a bar su a waje. Bayan shekara ɗaya ko biyu ɓawon zai ruɓe ya fara zama ƙasa, sai a sake sabo.

Ruwa

A nan ne aka fi kashe shi, don haka zan ɗan daɗe.

Kada ka ƙayyade rana ka ce duk Juma'a. Ɗauko robar ka duba saiwa. In kore ce, mayar da ita. In ta koma ruwan azurfa, kuma babu raɓa a jikin robar ta ciki, kuma tukunyar ta yi sakayau a hannu, lokaci ya yi. A ɗakina, cikin watan Agusta sai in yi kwana tara ko goma ban ba shi ruwa ba, amma a hunturu da bazara duk kwana uku ko huɗu yake nema. Naka ɗakin zai iya bambanta.

Da safe ake ba shi. Kai shi wajen wanke-wanke, ka kwarara ruwa ta cikin haɗin har ya riƙa zuba ta ƙasa, ko ka tsoma tukunyar a kwano minti goma. Za ka ga saiwoyin sun rikiɗe sun zama kore a gaban idonka. Sai ka bar shi ya tsane sarai kafin ka mayar. Kada ya zauna a faranti mai ruwa. Kuma ka kula da tsakiyar ganye, inda sabon ganye ke fitowa. Idan ruwa ya kwana a wannan ɗan ramin, ruɓa ke kama shi, in kuwa tsakiyar ta ruɓe to sai wani ikon Allah. Murɗa bakin tishu ka tsane duk ɗigon da ya shiga.

Ruwan sama ya fi kowanne, don haka ka tara a jarka tun damina. Ruwan burtsatse da na rijiya ya danganta da unguwa. Idan butar shayinku tana yin farin ɓawo a ciki, ruwan yana da nauyi, zai tara wannan farin a saiwa. Sai ka sirka shi da ruwan sama. Na famfo a ɗebe shi a bari ya kwana. Za ka ga ana yayata cewa a ɗora ƙanƙara uku a tukunya duk mako. Ni ban yarda da wannan ba. Shukar da ta fito daga dajin da bai san sanyi ba, me ya haɗa ta da ƙanƙara? Ga shi ɗan ruwan da ke narkewa ba ya isa ya wanke gishirin da ya taru.

Abin da ya fi wahala a arewa shi ne bushewar iska. Okid yana son danshi kamar kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, a tsakiyar hunturu kuwa iskarmu kan sauka ƙasa da kashi 20. Faranti mai tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunya yana taimakawa, amma kaɗan ne, kada a ruɗe ka. Abin da na ga ya fi aiki shi ne tara tsire-tsire wuri ɗaya su yi cincirindo, a jiƙa tukunyar ƙasar ta waje kowace safiya, a kuma kawar da su daga tagar da iskar hunturu ke bugowa. Tagar banɗaki mai haske wuri ne mai kyau. Kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa dukansa kai tsaye.

Haske da zafi

Tagar gabas ita ce wurinsa, a bayan farin labule mara kauri. Ranar hantsi tana yi masa daɗi, ranar azahar tana ƙona shi cikin awa guda, ta bar farin tabo da zai koma baƙi kuma ba ya gogewa. Ka sa tafin hannunka tsakanin taga da ganye. Inuwa mai dishi-dishi ita ake so. Inuwa mai kaifi, rana ta yi yawa. Babu inuwa sam, duhu ya yi yawa. Ganye ma yana magana: kore mai duhu sosai alamar ƙarancin haske ne, irin wannan zai yi ta ganye ba fure. Mai ɗaukar rawaya ko ja kuma haske ne ya yi masa yawa.

Ya fi jin daɗin zafi tsakanin digiri 20 zuwa 29. Mutanen Jos sun huta. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda Afrilu kan haura 40, sai an yi da gaske: a saukar da shi ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, a ƙara inuwa, fanka ta riƙa kaɗa iska a hankali. Idan ka taɓa ganye ka ji ɗumi, matsar da shi. Hayaƙin janareta da na mota, da iskar da ayaba ko mangwaro ke fitarwa idan suna nuna, suna sa ƙullin fure ya yi rawaya ya zube kafin ya buɗe. Kada ka ajiye shi kusa da kwandon kayan marmari.

Taki kuwa, kada ka kuskura ka zuba masa ƙwayoyin takin gona, ƙona saiwa suke yi. Nemi wanda ake narkawa a ruwa, mai lamba 20-20-20, ka sa rubu'in cokalin shayi a lita huɗu. Ka fara jiƙa saiwa da zallan ruwa, sannan ka bi da na takin. Sau uku da taki, na huɗu zallan ruwa mai yawa don wanke gishiri. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga, a goge shi da audugar goge kunne da aka tsoma a sifirit, a maimaita duk mako har sau uku ko huɗu saboda ƙwansa. A hunturu ka riƙa duba bayan ganye, in ya fara yin toka-toka da siririyar saƙa, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne masu son bushewa. Wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗan sabulu kaɗan, ka ɗauraye.

Sake fure

Da furanni sun gama zuba, kana da zaɓi biyu. In karan yana nan kore kuma shukar na da ƙarfi, yanke shi ɗan sama da gaɓa ta biyu ko ta uku daga ƙasa, wataƙila ya yi reshe. In ya bushe ko shukar ta galabaita, yanke shi daga tushe ya huta. Barbaɗa ɗan garin kirfa a bakin yankan don ya bushe, amma kada kirfar ta taɓa saiwa.

Abin da ke sa Phalaenopsis ya fitar da sabon kara shi ne 'yan makonni na sanyi-sanyi, dare ya sauka wajen digiri 15 zuwa 18, rana kuma kada ta yi zafi sosai. Wannan kam hunturu ya yi mana rana. Daga Disamba ka matsar da shi ɗakin da ke yin sanyi da dare, inda iska ba ta kaɗawa. Za ka ga wani ɗan toho ya leƙo daga tsakanin ganyen ƙasa. Idan bakinsa zagayayye ne mai sheƙi, saiwa ce. Idan ya ɗan baje kamar hannun jariri a dunƙule, kuma kore ne gaba ɗaya, to kara ne, sai barka. Daga nan zuwa fure wata biyu zuwa uku ne. Da ya kai tsawon taƙi ɗaya ka kafa masa siririn tsinke ka ɗaure sako-sako. Kuma kada ka riƙa juya tukunyar, don ƙullin furen haske suke bi, in kana juyawa kowanne zai kalli gabansa daban.

To, ga fure ya buɗe, saura hoto

Shekarar da nawa ya fara sake fure, ruwan shunayya ne mai ɗan ja-ja. Na ɗauka da waya na tura wa ƙanwata, wadda a lokacin take neman kalar ankon bikin 'yarta. Nan take ta kira: "Yaya, wannan kalar nake so, don Allah kada ka goge hoton." Ta tafi Kantin Kwari da shi ta sayo yadi. Ranar da ta zo ta kara yadin da furen, sai muka kalli juna. Yadin ya tafi wajen shuɗi, furen yana wajen ja. Ta ce, "Haba Yaya, ai ba shi ba ne ka turo mini." Shi ne, wayar ce ta yi shisshigi.

Dalili kuwa, haske ba launi ɗaya gare shi ba. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana wajen 2,700 zuwa 3,000 a ma'aunin Kelvin da ake auna launin haske da shi, hasken rana tsaka wajen 5,500, ranar da hadari ya rufe wajen 6,500, inuwa a ƙarƙashin shuɗin sama kuma 7,000 ko fiye. Idonmu yana gyara wannan ba mu ma sani ba. Kyamara kuwa kintace take yi: tana duba abin da ke gabanta ta yi ƙoƙarin mayar da jimillarsa tsaka-tsaki. Idan fure mai shunayya ya cika mata ido, sai ta ɗauka hasken ne ya gurɓace, ta shiga gyaran abin da bai lalace ba. Shunayya kuma haɗin ja da shuɗi ce, ɗan kuskure kaɗan ke tura ta ɓangare ɗaya. Aikinka shi ne ka ƙwace wannan hukunci daga hannun kyamara.

Fara da wurin. Haske iri ɗaya tak ake so. Kashe duk ƙwan ɗakin, ka yi aiki da hasken taga kaɗai, tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma na safe. In gilashin tagarku mai launi ne, irin shuɗi ko ruwan ƙasa da ake yayi, buɗe shi. Zuge labule mai launi, ka rataya farin yadi don ya tausasa hasken. Dubi bango: fentin ruwan madara ko kore ko ruwan hoda duk yana komawa kan fure, musamman fari. Haka rigar da ke jikinka, kada ka sa jar riga ka sunkuya a kan farin okid. A waje, inuwar gini ta fi inuwar bishiya, don ganye kore yake tacewa. Ajiye tukunyar yadda hasken zai zo daga gefe, ka jingina farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske cikin inuwar. A baya ka rataya baƙin yadi ko mai ruwan toka, nesa da furen kamar mita ɗaya. In dole sai da dare, nemi fitilar LED da aka rubuta CRI 95 ko sama a kwalinta, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna launi daidai. Ƙwayayen kasuwa masu arha ja ba ya fita da kyau a ƙarƙashinsu. Filashin waya kuwa a manta da shi.

Sai abin awo. Masu hoto suna amfani da kati mai ruwan toka wanda ba shi da ɗigon wani launi, ana ce masa na kashi 18. Akwai kuma allon ColorChecker mai gida 24 na launuka daban-daban, ga wanda ya ɗauki abin sana'a. In ba ka da ko ɗaya, je wajen masu kayan famfo ka sayi farin tef ɗin nan da ake naɗawa a bakin bututu, ka naɗa shi ninki biyar ko shida a jikin ɗan kwali. Farinsa tsantsa ne. Takardar ofis ba ta yi, don ana zuba mata sinadarin da ke sa ta ɗaukar shuɗi don ta ƙara haske, in ka auna da ita hoton zai karkata wajen rawaya.

Yanzu wayar. Goge gilashin kyamara da gefen riga, maiƙon yatsa yana dusar da launi. Kashe duk abin ƙawata hoto: tace-tacen launi, HDR, da wannan mai alamar AI wanda da ya gane fure sai ya ƙara masa kala. Shiga sashen Pro na kyamarar, in akwai. In wayarka na iya adana hoto a tsarin RAW, kunna shi, domin shi ne ɗanyen abin da kyamara ta gani, ana iya sauya ma'aunin farinsa daga baya ba tare da hoton ya lalace ba. JPEG kuwa dafaffe ne, gyaransa taƙaitacce. Sa ISO, wato ma'aunin saurin kama haske na kyamara, a mafi ƙanƙanta, 50 ko 100. A alamar WB, wato sashen daidaita fari, cire shi daga kan atomatik ka kafa lamba ɗaya, misali 5,500, don kada ya riƙa sauyawa daga hoto zuwa hoto. Kafa wayar a kan abin tsayarwa ko tarin littattafai, ka sa ta ƙirga daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka, ka kashe fanka don kara na rawa. Kada ka cusa wayar a fuskar furen. Ja baya, ka yi amfani da madubin kusantarwa na 2x ko 3x in akwai. Mai babbar kyamara ya sa buɗewar idonta a f/8 zuwa f/11 don leɓen furen da fukafukansa su fito tare.

Hoton farko, riƙe katin daf da furen, yana fuskantar kyamara, hasken da ke kan furen shi ne a kansa. Ɗauka. Cire katin, ka ci gaba da ɗaukar sauran ba tare da ka taɓa komai ba. In girgije ya gifta ko ka matsar da tukunya, sake ɗaukar katin. A hunturu hazo yana tausasa haske, abin so, amma yana sa masa ruwan ƙasa-ƙasa, don haka katin ba ya zama a aljihu.

Yawan haske ma yana taɓa launi, kuma nan mutane da yawa ke faɗuwa. Fure ja ko shunayya mai kauri yana saurin cika wa kyamara ma'aunin ja tun sauran hoton bai yi haske ba, sai ya fito kamar an shafa fenti, jijiyoyinsa sun ɓace. Rage EV, wato abin ƙara ko rage hasken hoto, zuwa -0.3 ko -0.7. In bayan baƙi ne, kyamara za ta so ta haskaka baƙin ta ƙona furen, sai ka rage har -1. Farin fure da ya cika hoto kuma akasin haka ne, tana mayar da shi ruwan toka, sai ka ƙara kamar +0.7. Bayan kowace ɗauka ka faɗaɗa hoton da yatsu ka duba. In kana ganin siraran jijiyoyi da ɗan ƙyalƙyalin nan mai kama da garin sukari a jikin fure, ka dace.

Gyara da turawa

Kafin ka buɗe manhajar gyara, kashe abin da ke sauya launin fuskar waya, Night Shift da True Tone a iPhone, ko makamancinsu a Android. Sa hasken fuskar tsaka-tsaki. Buɗe hoton katin a Lightroom ko Snapseed, a kwamfuta kuma akwai darktable da RawTherapee kyauta. Ɗauki 'yar alamar nan ta tsotsar launi a sashen daidaita fari, ka taɓa katin da ita. Lambobi biyu za su sauya, ɗaya ta tsakanin shuɗi da rawaya, ɗaya ta tsakanin kore da ruwan hoda. Ta biyun ita ake yawan mantawa, alhali ita ce ke riƙe da shunayya. Rubuta su, ka sa wa sauran hotunan da ka ɗauka a wannan hasken.

Daga nan ka ɗauki wayar ka koma gaban furen, a hasken rana, ka kara. Sau da yawa za ka ga an gama. In shunayyar har yanzu tana ɗan jan shuɗi, shiga inda ake gyara launuka ɗaya bayan ɗaya, ka zaɓi shunayya kaɗai, ka matsar da ita wajen ja kaɗan-kaɗan, kana ɗaga ido kana duban furen. Abin ƙara kaurin launi kuwa ka ƙyale shi, garin neman gira ake rasa ido. Akwai wasu launukan okid masu tsananin kauri da fuskar waya ba ta iya nunawa cif, komai ƙoƙarinka, sai dai ka kusanta. Masu rajistar furanni a Ingila shi ya sa har yau suke kara fure da katunan launi na RHS, ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, su rubuta lamba maimakon su dogara da hoto.

Fitar da hoton a JPEG, tsarin launi sRGB, shi ne wanda kusan kowace waya da shafin intanet ke karantawa daidai. A WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil don kada a matse shi. Ka rubuta sunan okid ɗin da kwanan wata da kwana nawa furen ya yi da buɗewa, saboda launi yana sauyawa da tsufa. Ni tsakanin kwana uku zuwa mako guda nake ɗauka, lokacin ya gama miƙewa kuma bai fara koɗewa ba. In wani abu mai muhimmanci ya rataya a kan launin, kamar sayen yadi ko sayar da shukar, tura har da hoton da katin yake ciki, don mai karɓa ya ga ko tasa wayar ce ke karkatar da fari. Ƙanwata dai yanzu ba ta karɓar hoto daga wurina sai ta ga ɗan kwalin tef ɗin famfo a gefe.